Me Ke Cikin Tukunyar? Neman Ramen Mai Kyau a Dusseldorf

Wanda ya sauka a babbar tashar jirgin ƙasa ta Dusseldorf, a yammacin Jamus, ya fita ta ƙofar da ke fuskantar tsakiyar gari, tafiyar 'yan mintoci ce za ta kai shi titin Immermann. A nan zai ga allon sunan titin da rubutun Japanawa tare da na Jamusanci, ga kantunan cefane cike da buhunan shinkafa da kwalabe masu rubutun da ba zai iya karantawa ba, ga masu gasa burodi irin na Japan. Sannan ga mutane a kan layi a ƙofar wasu ƙananan gidajen abinci, kowa ya cusa hannu a aljihu saboda sanyi, kuma babu mai niyyar tafiya. Abin da suke jira bai wuce kwano ɗaya na taliya a cikin romo mai zafi ba. Shi ake kira ramen.

Mu ma mun san jikansa, ko da ba mu san kakan ba. A shekarar 1958 wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando, wanda ya kafa kamfanin Nissin, ya gano cewa idan aka soya dafaffiyar taliya a mai za ta bushe ta daɗe ba ta lalace ba, kuma ruwan zafi kaɗai ya isa ya tashe ta. Daga wannan dabara aka samu duk wata taliyar leda ta duniya, har da Indomie, wadda asalinta Indunusiya ne, ake kuma sarrafa ta a Najeriya tun tsakiyar shekarun 1990. To amma ta teburin mai shayi minti uku ta nuna. Ramen na gaske kuwa, kwanon da za a kawo maka da azahar, wataƙila tun jiya aka ɗora tukunyarsa.

Me ya kawo wannan abinci birnin nan na bakin kogin Rhine? Ƙarfe ne. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan tana sake gina masana'antunta, tana neman ƙarfe da injuna, ga shi yankin Ruhr, cibiyar kwal da ƙarfe ta Jamus, yana maƙwabtaka da Dusseldorf, inda manyan kamfanonin yankin suka ajiye ofisoshinsu. A shekarun 1950 kamfanonin kasuwanci irin su Mitsubishi da Mitsui suka fara buɗe rassa. Ma'aikata suka zo, iyalai suka biyo baya. Aka buɗe makarantar 'ya'yan Japanawa a 1971, aka gina babbar Cibiyar Jamus da Japan a kan titin Immermann a 1978. Yau Japanawan da ke zaune a birnin sun kai kimanin 8,000, abin da ya sa yake cikin manyan matattarunsu a Turai tare da Landan da Paris.

Wannan tarihi shi ne jagora na farko ga mai neman ramen a kowane birni na Turai. Ma'aikacin da kamfani ya turo daga Osaka ko Sapporo ya yi 'yan shekaru ya koma, harshensa bai manta ɗanɗanon gida ba. Idan aka ba shi ruwan gishiri da sunan romo, ba zai yi faɗa ba, ba zai dai sake dawowa ba, kuma gobe duk ofishinsu sun ji. Saboda haka inda Japanawa ke aiki suke cefane, nan ake fara duba. A Paris titin Sainte-Anne ne, kusa da gidan wasan Opera. Landan tata hanyar daban ce, don a can guguwar ta taso ne a 2012 lokacin da gidaje irin su Tonkotsu da Bone Daddies da Shoryu suka buɗe kusan a tare, sai Ippudo na birnin Fukuoka ya iso a 2014.

Kada mai karatu ya ɗauka abincin sarakuna ne. Asalin taliyar daga ƙasar Sin take, baƙin da suka zauna a garuruwan bakin teku irin su Yokohama ne suka kawo ta. Gidan da aka fi ambata a matsayin na farko a Tokyo shi ne Rairaiken, wanda aka buɗe a unguwar Asakusa a 1910 da masu girki 'yan Sin. Bayan yaƙi, lokacin da shinkafa ta yi ƙaranci Amurka ta riƙa shigo da fulawa, sai rumfunan bakin hanya suka mayar da ita abincin leburori da masu komawa gida cikin dare. Ya ɗauki lokaci mai tsawo kafin masu jagorar gidajen abinci ta Michelin su ba wani gidan ramen tauraro, wato Tsuta na Tokyo, a ƙarshen 2015. Har yanzu dai ɗabi'ar farko ba ta bar shi ba: ɗaki matsattse, kujeru a jere a gaban mai girki, ka zauna ka ci ka tashi wani ya zauna. Idan ka shiga wuri ka ga an fi kashe kuɗi wajen fitilu da ado fiye da tukwane, ka fara shakka.

Abu biyar ne a cikin kwanon: romo, da haɗin gishirin da ake kira tare, da man da ke yawo a sama, da taliya, da kayan da ake jerawa a kai. Ido yana ganin biyu na ƙarshe ne, kuma su ake ɗauka a hoto. Amma ukun farko su ne ramen, kuma babu wanda ke iya ganin abin da aka yi su da shi.

Romon iri biyu ne. Akwai tsararre, wanda ake dafa ƙashin kaza ko na wata dabba a kan wuta kaɗan, ba a bari ya yi tafasa mai ƙarfi, ana kwashe kumfa har ya fito garau kana hango taliya a ƙasa. Akwai kuma mai kauri, fari kamar madara, wanda ake ba wuta sosai na sa'o'i masu yawa, wani lokaci fiye da 12, har ɓargo da kitse da jijiya su narke su zama jiki ɗaya da ruwan. Mafi shahara a wannan jinsi shi ne tonkotsu, na ƙashin alade, wanda ya fito daga yankin Fukuoka a kudancin Japan. Idan da ƙashin kaza aka yi mai kaurin, sunansa tori paitan. Yawancin masu girki suna kuma haɗawa da ruwan da aka jiƙa busasshiyar ciyawar teku da busasshen kifi a ciki. A cikin wannan ciyawar teku mai suna kombu ne wani masanin sinadarai na jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, ya gano sinadarin da ke ba abinci armashi a 1908, kuma daga bincikensa aka fara yin Ajinomoto, wato farin magin da ke kowane kicin a ƙasar Hausa. Gidajen ramen da dama suna ɗan barbaɗa shi, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne a ce shi kaɗai ke riƙe da kwanon.

Nan ne gizo ke saƙa a Turai. Dafa romo na yini guda yana cin gas, yana cin wuri, yana buƙatar wanda zai tsaya a kansa. Akwai kamfanonin da ke sayar da shi a kwaɓe cikin robobi, a debo a zuba ruwan zafi a motsa. Da ido ba lallai ka bambance ba, amma harshe yana ganewa. Romon da ƙashi ya daɗe a cikinsa yana barin ɗan danƙo a leɓe, kuma ɗanɗanonsa yana zuwa ne kashi-kashi, na nama ya wuce na kifi ya biyo, har ka kai ƙasan kwano ba ka gaji da shi ba. Na roba kuwa lokaci ɗaya yake bugun harshe da gishiri, cokali na goma daidai yake da na farko, daga baya ka wuni kana neman ruwa. Ka fara kurɓar romon tukuna kafin ka taɓa taliya, kuma kafin ka zuba barkono ko tafarnuwar da ke kan tebur. Ya kamata ya zo da zafin da zai sa ka hura. Romo mai ɗumi-ɗumi alama ce ta kicin da bai damu ba, don mai girkin kirki har kwanon yake ɗumamawa kafin ya zuba.

Shi kuwa tare, ɗan ludayi ɗaya ne da ake sa wa a gindin kwano kafin romo ya hau kansa, kuma daga gare shi ramen ke samun sunan da za ka gani a takardar abinci. Shio na gishiri ne, shoyu na baƙin ruwan waken suya, miso kuma na kwaɓaɓɓen waken suya da aka tsima da gishiri na watanni. Na miso ɗan birnin Sapporo ne, can arewa inda dusar ƙanƙara ke rufe gari, ya fito a shekarun 1950, shi ya sa yake da nauyi, ana ma ɗora masa masara da man shanu. A lura da kyau: waɗannan sunaye uku suna faɗin abin da aka ɗanɗana romon da shi ne kawai. Ba su ce komai ba game da ƙashin da aka dafa.

Taliyar kuma ba irin ta Italiya ba ce. Fulawa ce da ruwa da gishiri da wani ruwan kanwa da suke kira kansui. Duk wadda ta taɓa kwaɓa ɗanwake ta san abin da kanwa ke yi wa ƙullu, to haka take yi a nan: ita ke ba taliyar tauri da santsi, ita ke hana ta narkewa a cikin romo, ita ce kuma ke juya launin fulawar zuwa ruwan ɗorawa har mutane su zaci ƙwai ne. Kowane romo da irin taliyar da ta dace da shi. Na Sapporo yana tafiya da mai kauri mai lanƙwasa, tonkotsu kuwa da siririya miƙaƙƙiya wadda ke nuna cikin ƙanƙanin lokaci. Saboda siririyar ba ta jure zama, a Fukuoka ba a cika kwano da ita. Kaɗan ake sa maka, in ka cinye ka ce kaedama, a ƙaro maka sabon dahuwa a cikin sauran romonka.

Daga wannan za ka gane abin da ya sa masu cin ramen suke kamar ana korar su. Taliya tana ci gaba da dahuwa a cikin kwano, bayan minti goma ta saki jiki, aikin mai girki ya tafi a banza. Wanda ya tsaya ɗaukar hoto daga kusurwa huɗu ya cuci kansa. Haka wanda ya yi oda aka kawo masa gida a kan keke bai da hurumin yanke wa gidan hukunci. Zuƙar taliya da ƙara kuma, wadda a gidajenmu za a harari yaro a kanta, a nan ba laifi ba ne, iskar ce ke rage zafin.

Kayan sama ba sa buƙatar dogon bayani: yankan nama, lawashi, tsiron gora, ɓallin busasshiyar ciyawar teku, da ƙwai. Ƙwan ne ɗan leƙen asiri. In gwaiduwarsa ta yi laushi kamar za ta zubo, farinsa ya sha ruwan miya ya yi duhu, to akwai mai kula a kicin. In dafaffen ƙwai ne busasshe aka raba biyu, ka san sauran labarin.

Kafin ma ka zauna akwai abin dubawa. Takardar abinci gajeriya ta fi doguwa. Gidan da ke sayar da sushi da soyayyar shinkafa da miyar Tailan da agwagwar Sin, sannan ramen a shafi na shida, da wuya a ce yana da tukunyar da ta kwana a wuta. Ka leƙa kicin in a buɗe yake, ka ga ko akwai manyan tukwane suna tururi. Ka tambaya ina suke samun taliya. Masu alfahari da aikinsu ba sa ɓoyewa, wasu ma a bango suke rubutawa. Taurarin da ake bayarwa a intanet kuwa, ni ban cika dogara da su ba, don rabin masu rubutun suna yabon murmushin ma'aikaci ne ko suna kukan an hana su zama bayan sun gama ci. Layin ƙofa ma ba hujja ba ne sai ka duba su wane ne a kai. Layin matasa masu riƙe da waya yana nuna gidan ya yi suna. Mutum ɗaya cikin kwat da ya shigo shi kaɗai da tsakar rana, bai kalli takarda ba ya faɗi abin da yake so da Japananci, ya fi su duka zama shaida.

A Dusseldorf sunayen da za a fara faɗa maka sanannu ne. Takumi, wanda ya buɗe a titin Immermann a 2007, salon Sapporo yake yi, kuma an san shi da taliyar kamfanin Nishiyama da ake kawowa daga can. Ya yi rassa a cikin birnin, ɗaya na tonkotsu, wani na kaza da ganye, ya kuma bazu zuwa wasu biranen Turai. Naniwa da ke titin Ost yana cikin tsofaffin unguwar, layinsa ya zama abin kwatance. Akwai Takezo, akwai wasu ƙanana a lungunan kewaye. Mafari ne kawai waɗannan, don masu girki suna sauya wuri, kuma suna ɗaya a ƙofa biyu ba ya nufin hannu ɗaya ne a tukunya. Yawancinsu ba sa ajiye wa kowa kujera, sai dai ka bi layi. Ka riƙe tsabar kuɗi, don har yau akwai ƙananan gidajen abinci a Jamus da ba sa karɓar kati, kuma kwano ɗaya ya haura Yuro 10. Ka zo daf da buɗewa ko bayan cunkoson rana ya lafa. Ranar bikin Japan da birnin ke yi kusan kowace shekara tun 2002, wadda ake rufewa da wasan wuta a bakin kogi, dubban ɗaruruwan mutane ke shigowa, ba ranar neman kujera ba ce.

Saura maganar da ta fi damun yawancin masu karanta wannan. Ramen abinci ne da alade ya yi kaka-gida a cikinsa, kuma inda ya fi zama shi ne inda ido ba ya kaiwa. Tonkotsu dai a bayyane yake. Yankan naman da ake ɗorawa, chashu, shi ma na alade ne sai in an faɗi akasin haka. Mutane da yawa sukan ce a cire musu naman, su ci sauran da kwanciyar hankali, alhali ba a cire komai ba. Romon shoyu ko shio mai haske, wanda ya yi kama da na kaza zalla, sau da yawa haɗin ƙashin kaza da na alade ne. Man da ke sheƙi a saman miso na Sapporo bisa al'ada kitsen alade ne, an sa shi don ya tsare zafi. Ƙwan nan mai kyau, a gidaje da dama a cikin ruwan da aka dafa chashu ake jiƙa shi. Har abin da aka rubuta wa ramen na ganye yana iya zama ganye ne a sama, romon ƙasa kuwa na kowa da kowa. Ƙananan fanken nama da ake ci a gefe, gyoza, su ma cikinsu alade ne galibi.

Sai kuma giya. Haɗin gishirin nan da ake kira tare, ana yawan sa masa sake, giyar shinkafa, ko mirin, wadda ita ma giyar shinkafa ce mai zaƙi da ake girki da ita. Hukuncin abin da aka dafa da irin waɗannan fagen malamai ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da shi. Nawa dai in faɗa maka suna nan.

Kada ka jira doka ta yi maka wannan aiki. Ƙa'idar Tarayyar Turai da ta fara aiki a ƙarshen 2014 ta wajabta wa gidajen abinci su sanar da abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, kamar alkama da ƙwai da kifi da gyaɗa da madara da riɗi. Alade ba ya cikin jerin, giyar girki ma haka. Sai dai ka buɗe baki. Kalmar da za ka nema a takarda ko ka furta ita ce Schwein, alade ke nan da Jamusanci. Kuma kada ka tsaya a tambaya ɗaya. Ka tambayi romon, ka tambayi man, ka tambayi ƙwan, kowanne daban. Abin sha'awa shi ne wannan tambayar ita ce kuma ma'aunin ingancin gidan. Inda ake dafa romo a kicin, ma'aikaci zai ba ka amsa nan take, ko ya leƙa ya tambayi mai girki ya dawo da bayani dalla-dalla. Inda daga roba ake ɗebowa, sai a fara kame-kame.

Wanda ke son ya kauce wa nama gaba ɗaya, ya nemi wanda aka rubuta wa vegan, wato babu komai na dabba a ciki. A Jamus ana ɗaukar wannan kalma da muhimmanci saboda masu bin tsarin suna da yawa kuma ba sa wasa. Ana yin romonsa da kombu da busasshiyar laimar kwaɗi irin ta ci, wani lokaci da madarar waken suya da niƙaƙƙen riɗi don ya yi kauri, kuma a hannun gwani ba abin rainawa ba ne. Sai dai kalmar ba ta kore mirin ba. Romon kaza zalla kuma yana barin tambayar yanka, wadda takardar shaidar halal ce kaɗai ke amsa ta. Gidajen ramen masu irin wannan shaida sun fara samuwa a manyan biranen Turai, amma ba su da yawa, kuma gara ka ga takardar da idonka.

Ga mazaunin birnin da ke da kicin, akwai wata hanya. Unguwar Oberbilk tafiyar ƙafa ce daga titin Immermann, kuma a titin Eller da ke cikinta 'yan Maroko sun daɗe da kafa kantuna da mahautan halal. A can za ka sayi ƙashin kaza da ƙafafunta da fukafukai. A kantunan Japanawa irin su Shochiku kuma ka sayi ɗanyar taliya da kombu da miso, ka karanta bayan kowace leda don wasu nau'o'in miso ana ƙara musu barasa saboda ajiya. Ka wanke ƙashin, ka ba shi tafasa ɗaya ka zubar da ruwan farko, sannan ka mayar da shi a kan wuta kaɗan tare da citta da tafarnuwa da lawashi na sa'o'i biyar ko shida. Kombu ba ya son tafasa, a ruwan sanyi ake jiƙa shi daban a haɗa daga baya. Taliyar kuma a tukunyarta ake dafa ta, ba a cikin romon ba, sai kowa ya zauna a tebur tukuna a jefa ta a ruwa.